Tsoho da gawo da dutsen sama

A wani ƙauye na gundumar Dungas, kusa da iyakar Najeriya, akwai wani tsoho manomi. Gonarsa cike take da gawo. Wasu itatuwan sun girme ƴaƴansa, wasu kuwa ba su kai gwiwa ba. In yana noma ya ga ɗan gawo ya tsiro, ba ya sare shi. Sai ya kewaye shi da ƙaya don kada awaki su cinye. Ya san amfaninsa. Da damina gawo yakan zubar da ganye, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya samu rana da taki. Da rani kuma bisashe su ci ƴaƴansa. Amma gawo ba ya sauri. Wanda ya kula da shi yau, sai bayan shekaru da yawa zai zauna a inuwarsa.

Wani dare na bazara, zafi ya hana kowa kwana a ɗaki. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Can sai wani haske ya keta sama daga gabas zuwa yamma. Ya fi wata haske. Ya tsage gida uku, kana ya mutu. Mata suka yi salati, yara suka ruga bayan iyayensu.

Da gari ya waye, wani saurayi ya zo dandali da wayarsa. A ciki wani mutum yana rantsuwa cewa wani ƙaton dutse yana tafe daga sama, zai shafe duniya. Kafin azahar labari ya gama gari. Wani ya ce zai kai awakinsa kasuwar Maigatari ya sayar. Wani ya ce ajiyar iri ba ta da sauran amfani. Saurayin ya iske tsoho yana ɗauke da ƙaya, ya ce masa:

— Baba, ka bar wahala da ƴan gawon nan. Wa zai sha inuwarsu?

Tsoho bai amsa ba. Ba zai ce ƙarya ce ba, domin a shekarar 2004 ya ji a kasuwa cewa dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Maigatari, nan tsallaken iyaka. Dutse yana faɗowa, wannan gaskiya ne. Amma shi manomi ne, ya saba da wata tambaya dabam. Bai taɓa tambaya ko fari zai zo ba, domin ya san yana zuwa. Abin da yake tambaya shi ne: sau nawa yake zuwa, kuma mai tsanani sau nawa? Da wannan amsa yake sanin dami nawa zai bari a rumbu. Yanzu ma abin da yake son sani ke nan game da dutsen sama.

Yana da jika, yarinya ƴar lakwal, wadda yake kira amarya don wasa. Ita ce ta ce:

— Kaka, mu je wurin mushe. Yana da littafi a kan taurari.

— To, amarya, shiga gaba. Tsohon mijinki zai koma ɗan lakwal yau.

Abin da ke faɗowa

Mushe ya ba tsoho kujera. Tsoho ya ciro wani dutse mai santsi daga aljihu, ya ce gatarin aradu ne, ya gada wurin mahaifinsa. Mushe ya juya shi a hannu, ya ce:

— Baba, wannan aikin hannu ne. Mutanen da can da can suka wasa shi, tun ba a san ƙarfe ba. Dutsen sama dabam yake. Bayansa baƙi ne kamar an gasa shi, ya fi duwatsunmu nauyi, kuma mafi yawansu maganaɗisu yana kama su.

Daga nan ya yi bayani. Ban da duniyarmu, akwai duwatsu masu yawan gaske da ke kewaya rana. Wasu kamar ƙura suke, wasu kamar rumbu, wasu sun fi gari girma. In hanyar ɗayansu ta haɗu da tamu, sai ya shigo iskarmu da gudu mai ban tsoro, kilomita 11 ko fiye a daƙiƙa guda. Saboda gudun sai ya ɗauki wuta. Abin da mutane ke cewa tauraro ya faɗi ba tauraro ba ne. Ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai fi ƙwayar hatsi ba, yana ƙonewa can sama wajen kilomita 100. Wanda ya ɗan fi girma ne kaɗai ke barin saura ya iso ƙasa.

Mushe ya ɗauki alli, ya rubuta a allo wasu da aka gani da ido aka kuma tsinta, a Nijar da arewacin Najeriya: Doso, 1962, Zagami a ƙasar Katsina, 1962, Kabo a ƙasar Kano, 1971, Gujba, 1984, dutsen Tazarzait a jihar Tawa, 1991, Kilabo kusa da Haɗeja, 2002, Maigatari, 2004.

Na Zagami ya fi ba tsoho mamaki. Ranar 3 ga watan Oktoba na 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa, sai ya ji ƙara. Dutse mai kilo 18 ya nutse a ƙasa, mita 3 daga inda yake tsaye. Daga baya masana suka gane cewa ɓalli ne na jar duniyar nan da ake kira Mars. Na Tazarzait kuwa ya kai kilo 110.

Tsoho ya ƙirga da yatsu. Bakwai a cikin shekara 42, wato ɗaya a shekara shida. Ya ce:

— Ashe ba su da yawa.

— Waɗanda aka gani ke nan, Baba. Wanda ya faɗi a Tenere fa? Wanda ya faɗi da tsakar dare ana barci fa? In muka ƙirga abin da idonmu ya gani kaɗai, lissafi zai gaza.

Hanya ta fari: faifai a cikin ruwa

Ba wanda zai iya ƙirga ɗigon ruwan da ya zuba a gona duka. Amma ana iya ajiye faifai a fili, a ƙirga ɗigon da ya sauka a kansa cikin minti guda. In an san faifai nawa za su rufe gonar, sai a ninka. Haka masana suka yi da sama.

A ƙasar Kanada, daga 1971 zuwa 1985, an kafa tashoshi 12 masu na'urar ɗaukar hoto. Kowane dare suna kallon sama a kan wani fili mai faɗi. Wani masani mai suna Ian Halliday da abokan aikinsa suka tattara hotunan, suka yi lissafi. Sun samu cewa a kan fili mai murabba'in kilomita miliyan 1, duwatsun da suka kai kilo guda ko fiye suna faɗowa kusan sau 9 a shekara.

Mushe ya miƙa wa yarinyar alli. Nijar tana da murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Ta yi lissafi, ta samu kusan 11 a shekara. Kana mushe ya zana fili mai tsawon kilomita 100 da faɗin kilomita 100, wato murabba'in kilomita 10 000. Gundumar Magariya da ta Dungas a haɗe sun ɗan gaza haka. Wannan fili kashi ɗaya ne cikin ɗari na miliyan. Saboda haka zai samu 9 a cikin shekara 100, wato dutse guda a kowace shekara 11 ko kusa da haka.

Tsoho ya yi shiru. A tsawon rayuwarsa, watakila duwatsu biyar ko shida masu kilo guda sun faɗi a cikin gonaki da dazuzzukan yankinsu, ba wanda ya sani. Irin waɗannan ba su rushe gari. In sun yi ɓarna, su huda rufin ɗaki.

Hanya ta biyu: tabon da aka bari

Faifai yana da kyau ga ƙanana, domin suna da yawa. Manya kuwa ba su zuwa a cikin shekara 14 na kallo. Ko rayuwar mutum ɗari a jere ba ta isa a gan su. To, yaya za a ƙirga abin da ba wanda ya gani?

Sai a nemi tabonsa. Bangon da aka yaɓe bana sumul yake. Bangon da ya shekara goma ba yaɓe duk ya cika da ramukan ruwa. Wanda ya san shekarun bango, ya ƙirga ramukansa, zai san yawan ruwan da ya buge shi.

Babban dutse in ya bugi ƙasa yakan bar rami kewayayye. A Gana, kusa da Kumasi inda fatakenmu ke zuwa sayen goro, akwai tafkin Bosumtwi. Ruwansa yana kwance a cikin rami mai faɗin kilomita 10, wanda dutsen sama ya haƙa shekara wajen miliyan 1 da suka wuce. A arewacin Cadi akwai ramin Aorunga, mai faɗin kilomita 12 da ɗoriya. A duniya duka an tabbatar da irin waɗannan ramuka kusan 200.

Amma duniyarmu tana share tabonta. Iska tana binne rami da rairayi, ruwa yana cinye bakinsa, kuma kashi 71 cikin ɗari na bayan duniya teku ne. Don haka masana suka ɗaga kai suka dubi wata. A wata babu iska, babu ruwan sama. Ramin da aka yi shekara miliyan dubu da suka wuce yana nan. Daga 1969 zuwa 1972, ƴan sama jannatin Amurka sun sauka a wata sau shida, suka kawo kilo 382 na dutse da ƙasa. Aka auna shekarun duwatsun, aka san shekarun filayen da aka ɗebo su, aka ƙirga ramukan kowane fili. Wata maƙwabcinmu ne, ruwan duwatsun da ke dukansa shi ke dukanmu. Bangonsa ya zama littafin da muke karanta tarihinmu a ciki.

Hanya ta uku: ƙirga garke

Makiyayi ba ya jira sai shanu sun shiga gona kafin ya san yawansu. Yana ƙirga su tun suna daji. Haka nan yau akwai manyan madubai na hangen nesa da ke kallon sama kowane dare, suna neman duwatsun da hanyarsu ke kusa da tamu. Kowanne aka gani sai a ba shi lamba, a auna hanyarsa, a san inda zai kasance shekaru masu zuwa. Cikin waɗanda faɗinsu ya kai kilomita guda, an gano fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma ba ko ɗaya daga cikin waɗanda aka sani da zai buge mu a cikin shekara 100 masu zuwa. Matsakaita kuwa, masu mita 140 ko fiye, akwai da yawa da ake nema tukuna.

A watan Oktoba na 2008 aka fara cin gajiyar wannan aiki. An hango wani dutse mai mita 4, aka ce gobe zai shigo ta saman arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi, ya fashe a sama bisa hamada. Ɗaliban jami'ar Khartum suka jeru kamar masu gayya, suka bi rairayi a ƙasa, suka tsinto ɗaruruwan gutsattsarinsa.

Abin da lissafi ya nuna

Hanyoyin nan uku sun haɗu a kan magana guda: ƙanana da yawa, manya kaɗan. Mushe ya rubuta ƙiyasin masana, na duniya duka:

Mai faɗin mita 4: kamar sau ɗaya a shekara. Yakan fashe can sama.
Mai mita 20: sau ɗaya a shekara 50 zuwa 100.
Mai mita 50 ko 60: sau ɗaya a ɗaruruwan shekaru, ko dubu.
Mai mita 140: sau ɗaya a shekara wajen 20 000.
Mai kilomita 1: sau ɗaya a shekara wajen 500 000.
Mai kilomita 10: sau ɗaya a shekara miliyan 100 ko fiye.

Mai mita 20 an gan shi a zamaninmu. Ranar 15 ga watan Fabrairu na 2013 ya fashe a saman birnin Celiyabinsk na Rasha. Gudunsa kilomita 19 a daƙiƙa: daga Magariya zuwa Damagaram a cikin daƙiƙa biyar. Mutum kusan 1 500 suka ji rauni, mafi yawansu gilashin taga ne ya yanke su, domin sun tsaya kallon haske sai ƙara ta iso daga baya. Ba wanda ya mutu. Wanda ya fi shi ya fashe ranar 30 ga watan Yuni na 1908 a dajin Tunguska na Saibiriya, ya kwantar da itatuwa a fili mai murabba'in kilomita 2 000. Mai kilomita 10 kuwa ya faɗi a Meksiko shekara miliyan 66 da suka wuce, tun babu ɗan Adam, kuma da zuwansa manyan dabbobin wancan zamani suka ƙare.

Mushe ya sake ba yarinyar alli. Bayan duniya murabba'in kilomita miliyan 510 ne. Filinsu na ɗazu ya shiga ciki sau 51 000. In mai mita 20 yana zuwa duniya sau ɗaya a shekara 50, to yaushe zai faɗa wa wannan fili? Ta ninka, ta goge, ta sake ninkawa. Ta samu shekara miliyan 2 da rabi da ɗoriya.

Tsoho ya ɗaga hannu kamar ɗan lakwal.

— Mushe, da sauran magana. Na ga yunwar 1973, na ga ta 1984 da ake kira El Buhari, na ga ta 2005. Tsakanin ta fari da ta biyu shekara 11, tsakanin ta biyu da ta uku shekara 21. Fari ba ya bin ranar kasuwa. Dutsen nan ma haka yake?

— Haka yake, Baba. In an ce sau ɗaya a shekara 100, matsakaici ake nufi. Yana iya zuwa sau biyu a jere, yana iya yin shekara 300 bai zo ba. Lissafi ba ya faɗin rana. Amfaninsa shi ne ya nuna wa mutum wane haɗari ya fi kusa da ƙofarsa.

Wannan magana ta shiga kunnen tsoho. Fari yana zuwa sau da yawa a rayuwar mutum ɗaya, don haka kowane gida ke da rumbu. Babban dutse kuwa ba aikin gida ɗaya ba ne, aikin duniya ne gaba ɗaya. Kuma an fara. A watan Satumba na 2022, hukumar NASA ta Amurka ta sa wani kumbo ya yi karo da wani dutse mai mita 150 da ɗoriya, da gangan, don gwaji. Karon ya sauya tafiyar dutsen, ya rage wa kewayensa minti 30 da ƴan kai. Ke nan in an hango haɗari tun da wuri, ana iya kauda shi.

Kafin su tashi, mushe ya ƙara da gargaɗi guda. Duk wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyi bayan an ga haske a sama, kada ya farfasa shi, kada ya wanke shi. Ya riƙe wurin da ya same shi da ranar, ya gaya wa malami ko hukuma. A 2023 an tsinci wani mai kusan kilo 25 a jihar Agadas, shi ma daga Mars. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a Amurka a kan dalar Amurka miliyan 5 da ɗoriya, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasa. Irin wannan dutse dukiyar ƙasa ne, kuma da shi ake gyara lissafi.

Komawa gona

Da la'asar tsoho ya je dandali. Bai yi gardama da kowa ba. Ya ce wa mai awaki, in kuɗi yake bukata ya sayar, amma kada ya sayar don tsoro. Ya ce wa mai iri, damina saura wata biyu, ita kam ba ta yin shekara miliyan ba ta zo ba. Aka yi dariya. Saurayin ya ce:

— To Baba, ranar da duniya za ta tashi fa?

— Wannan Allah kaɗai ya sani, ba a cikin wayarka take ba.

Washegari da sassafe ya ɗauki ƙayarsa ya nufi gona, jikarsa tana biye. A hanya ta gaya masa abin da mushe ya faɗa wa ƴan aji. Ranar Juma'a 13 ga watan Afrilu na 2029, wani dutse mai suna Apofis, mai faɗin mita 340, zai wuce kusa da duniya, kilomita 32 000 daga ƙasa. An auna hanyarsa sarai, ba zai taɓa mu ba. Mutanen Afirka za su iya ganinsa da ido da dare, kamar tauraro mai tafiya a hankali.

— Afrilu ai bazara ce, in ji tsoho. Muna waje a kan tabarma. In Allah ya kai mu, amarya, ki tashe ni.

Ya durƙusa, ya kewaye ɗan gawo da ƙaya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gatarin aradu da dutsen sama?
2. Don me ramukan wata suka fi na duniya daɗewa?
3. Faɗi hanyoyi uku da masana ke bi don sanin sau nawa dutse ke faɗowa.
4. In duwatsu 9 ke faɗowa a shekara a kan murabba'in kilomita miliyan 1, nawa za su faɗo a shekara 20?
5. Tambayi tsofaffin garinku shekarun fari da suka gani. Rubuta su a kaye, ka ƙirga tazarar da ke tsakaninsu.